Mai Gyaran Waya a Injamena: Sana'ar da Jarinta Amana

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Injamena ta gefen Masallacin Sarki Faisal, ko ya kutsa kasuwar Dembe da hantsi, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da su. Tebur ɗan ƙarami, akwatin gilashi maƙare da matattun wayoyi, rumfar kwano ko laima, sai saurayi a sunkuye ya ƙura ido kan wani mitsitsin abu da ake gani da ƙyar. A gabansa mutane sun yi cirko-cirko: ɗan acaɓa da gilashin wayarsa ya tarwatse, Hajiya da tata ta daina kama caji, dattijo da ya manta lambar buɗe tasa. Ciniki na tafiya da Larabcin Chadi, a juya Faransanci, a koma Hausa, gwargwadon wanda ya zo. Waɗannan su ne masu gyaran waya, kuma a yau babu wata sana'ar hannu a birnin da sirrin jama'a ke bi ta cikinta kamar tasu.

Daga rediyo zuwa salula

Sana'ar jika ce ga gyaran agogo da rediyo. Hausawa sun daɗe a wannan gari, tun yana amsa sunan Fort-Lamy, wanda Faransawa suka kafa a 1900, kafin a sauya masa suna zuwa Injamena a 1973. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo da yawa daga cikinsu. Wasu sun yada zango ne don neman guzuri, zangon ya zame musu gida, suka riƙe fatauci da fawa da dukanci da ɗinki da wanzanci. Da rediyo da rakoda suka cika gidaje, sai aka samu masu narka dalma suna ɗinke wayar da ta tsinke a cikin akwatin rediyo. Hannun da ya saba da wannan bai sha wahala ba da salula ta shigo ƙasar a farkon shekarun 2000.

Kamfanin layin waya na Celtel ya koma Zain, daga baya ya zama Airtel a 2010. Tigo kuwa Maroc Telecom ya saye shi a 2019, yanzu ana kiransa Moov Africa. Zamanin Nokia mai madanni ya shuɗe, Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin suka mamaye kasuwa, tare da Samsung ga mai ɗan hali. Kayan gyara ba a ƙera su a Chadi. Daga Sin da Dubai suke tasowa, wasu su sauka a Duwala, wasu su biyo ta kasuwannin Najeriya irin su Farm Centre ta Kano, sannan su ƙetaro gadar Ngueli daga Kuseri. Shi ya sa idan hanya ta rufe ko kuɗin fito ya tashi, mai gyara na cikin waɗanda ke fara ji a jikinsu.

A bakin teburi

Kayan aikin mai gyara ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Akwai ƙananan sukurdireba, da hantsaki mai tsinin baki, da ƙarfen narka dalma, da bulowa mai hura iska mai zafi, da mita ta auna wuta, da buroshi da sinadarin wanke fanel. Wanda ya ɗan kafu yana da madubin ƙara girma da kwamfutar cinya ta yin filashin.

A duba gyaran bakin caji, wanda kusan shi ne tuwon yau da kullum. Zai fara zare layi da memori. Ya ɗumama bayan wayar har gam ɗin ya saki, ya zura ɗan siririn leda ya bi gefe a hankali don kada ya yanke igiyar da ke ƙasa. Ya kwance sukurori ya jera su yadda ya ciro su, domin dogo ɗaya da ya shiga ramin gajere na iya huda fanel. Ya cire haɗin batir kafin ya taɓa komai. Sai ya shafa man dalma, ya kunna bulowa yana juya ta a kan wurin, idonsa na kan dalmar har ta yi sheƙi. A daidai wannan lokacin zai ɗaga tsohon bakin da hantsaki. Idan ya yi gaggawa, tagullar da ke jikin fanel ta ɓare; idan ya yi nawa, zafi ya ƙona abin da ke maƙwabtaka. Ya ɗora sabo, ya danna, ya auna da mita, sannan ya jona caja. Alamar caji na bayyana, mai wayar ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi albarka."

Yanayin garin shi ke kawo masa rabin aikinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Ƙurar hunturu na toshe bakin caji da sifika. Wutar janareto mai hawa da sauka, da caja mai arha, su ne ke ƙona injin caji. Damina kuma da nata: ambaliyar da ta mamaye unguwanni irin su Walia a 2022 ta jiƙa kayan mutane da yawa, kuma kowane gwani zai gaya maka cewa wayar da ta faɗa ruwa kunna ta ne ke ƙarasa ta. A kashe, a kawo a buɗe, a wanke, a busar.

Yadda ake koyo

Mafi yawan masu sana'ar a gaban maigida suka koye ta. Uba ko yaya zai kawo yaro ya ce, "Ga ƙanenka nan, ka riƙe min shi amana." Yaro ya fara da shara da aike da manna gilashin kariya. Daga nan a ba shi matacciyar waya ya kwance ya ɗaure har hannunsa ya daina rawa. Sai canjin batir da sikirin, sai dalma. Aikin fanel shi ne na ƙarshe, kuma ba kowa ke kai wa nan ba. Yanzu YouTube ya zama malami na biyu, yaran da ba su jin Turanci ko Indiyanci suna kallon hannun mai gyara a Delhi su kwaikwaya.

Samu yana da kyau ga wanda ya iya, amma asara na maƙale da shi. Sikirin ɗin da ya fashe a hannunka kai za ka biya. Wayar da aka kawo da rai ta mutu a teburinka, kai da mai ita sai an shiga tsakani. Ga matsalar kayan sata, wadda ta jefa masu gyara da dama cikin tsaka mai wuya. Tun 2015 Google ya sanya wa Android makulli wanda ke hana amfani da waya bayan an goge ta sai da asusun mai ita na asali. Wanda ya kawo waya ya ce a cire masa wannan makulli, ba kwali ba rasit, ya kuma kasa faɗin ko sunan asusun, gwani ya san abin da ke gabansa. Mai tsoron Allah kan ce, "Malam, yi haƙuri, ba na wannan aikin."

Aikin da ba a gani

Ɓangaren da ya fi nauyi a sana'ar ba ya buƙatar dalma. Mutane da yawa da ke riƙe da babbar waya ba su suka buɗe asusunsu ba. An sayi waya, an miƙa wa yaron shago, shi ya buɗe Gmail, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi ya sauke WhatsApp da Facebook da TikTok. Sau da yawa kalmar sirrin lambar wayar mutum ce ko shekarar haihuwarsa, kuma akwai yaron da kalma ɗaya yake sanya wa duk wanda ya zo. Lokacin da gwamnati ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, jama'a sun koma ga manhajojin VPN, kuma wanda bai iya saukewa da kansa ba irin waɗannan tebura yake nufa.

Ga kuma abin da ke cikin wayar da aka bari a kwana: hotunan iyali, saƙon murya tsakanin miji da mata, lissafin bashin ɗan kasuwa, hoton katin shaida, da layin da Airtel Money ko Moov Money ke kai. Matsayin mai gyara a nan irin na wanzami ne, wanda ake buɗe masa abin da aka rufe wa kowa, kuma darajarsa na ga riƙe bakinsa. Matsalar ba ta Chadi kaɗai ba ce. A 2022 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun kai kwamfutoci shagunan gyara bayan sun ɗana musu manhajar lura, suka gano cewa wasu ma'aikatan sun leƙa hotuna da takardun da ba ruwansu da gyaran.

Haka nan mai gyaran waya ake rugowa wurinsa idan ɓarna ta afku. "An yi min kutse a WhatsApp, ana ta roƙon kuɗi da sunana." Idan ya bincika, labarin kusan ɗaya ne: wani ya bugo ya ce daga ƙungiyarsu yake, an turo lamba shida ta shiga taro, a karanto masa. Lambar nan kuwa ita ce mabuɗin asusun. Wani kuma an ce masa an tura kuɗi layinsa bisa kuskure, ya taimaka ya mayar. Gwani zai sake rajistar layin, ya dawo da asusun, ya sanya makulli na biyu, ya kuma zaunar da mutum ya fahimtar da shi. Wannan aikin tsaron intanet ne tsantsa, ko da ba a ba shi takardar shaida a kai ba.

Manya ma an fasa su

Kada mai karatu ya ɗauka cewa rashin boko ne ke jawo irin wannan kutse. Kamfanin Yahoo na Amurka ya taɓa zama gagara-badau a intanet. A 2013 masu kutse suka shiga rumbunsa, kamfanin bai sanar ba sai a Disambar 2016, inda ya ce asusu biliyan 1 abin ya shafa. A Oktoban 2017 aka gyara lissafi: dukkan asusu biliyan 3 ne. Akwai wani kutsen na daban a 2014 da ya shafi asusu miliyan 500, wanda masu binciken Amurka suka ce ya faro ne daga saƙon imel na yaudara da aka aika wa ma'aikatan kamfanin. Verizon da ke cinikin Yahoo ya zaftare dala miliyan 350 daga farashin, hukumar kula da hannayen jari ta Amurka kuma ta ci tarar dala miliyan 35 saboda ɓoye wa masu jari labarin.

A Afrilun 2021 aka baza bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet kyauta, har da lambobin waya da sunaye. Hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta, mai kamfanin Facebook, tarar yuro miliyan 265 a kan haka. Mai damfarar da ya kira ka da cikakken sunanka, irin wannan rumbu na cikin wuraren da yake samo shi. A Yulin 2020 kuwa, ta wayar tarho aka yaudari wasu ma'aikatan Twitter, aka karɓe shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk. Cikin waɗanda aka kama har da yaro ɗan shekara 17. Dabarar da aka yi wa ma'aikatan nan ita ce dai ake yi wa dattijo a unguwar Diguel: a yi maka magana mai daɗi har ka miƙa mabuɗi da hannunka.

Abin koyi daga Japan

Mutanen Chadi sun san ingancin kayan Japan fiye da kowa. Motocin Toyota ne suka ɗauki dakarun ƙasar a yaƙin 1987 da Libiya, har duniya ta laƙaba wa yaƙin sunan motar. Abin da ba a cika sani ba shi ne Sony daga shagon gyara ya taso. A 1945, bayan yaƙi ya ragargaza Tokyo, Masaru Ibuka ya buɗe wurin gyaran rediyo, a 1946 shi da Akio Morita suka kafa kamfanin da ya koma Sony a 1958. Soichiro Honda ma yaron gareji ne kafin ya zama mai kamfani. Don haka saurayin da ke sunkuye a Dembe ba ƙaramar sana'a ya riƙe ba.

Abin da ya ɗaga masana'antun Japan ɗabi'u ne da talaka ma zai iya ɗauka ba tare da ya kashe ko sisi ba. Akwai tsarin nan mai matakai biyar na wurin aiki: a ware abin amfani a fitar da tarkace, a ba kowane kaya mazauninsa, a share, a mayar da hakan ƙa'ida, a dawwama a kai. A teburin gyara, wannan na nufin kowace waya da ledarta da sunan mai ita, ba a cakuɗa memorin wani da na wani. Akwai al'adar direbobin jirgin ƙasa ta nuna abu da yatsa tare da ambatonsa da baki, don kada sabo ya sa ido ya tsallake. Mai gyara na iya yin haka a gaban mai waya: "Hajiya, ga layinki, ga memorinki, riƙe su a hannunki." A masana'antar Toyota kuma, ƙaramin ma'aikaci na da ikon jan igiya ya tsayar da aiki idan ya ga aibu, sannan a yi ta tambayar dalili har sau biyar, kamar yadda injiniyan kamfanin Taiichi Ohno ya koyar, sai an kai ga tushe. Yaron shago da ya san ba za a ci zarafinsa ba idan ya ce ya yi kuskure, shi ne zai faɗa tun ɓarnar tana ƙarama.

Duk da wannan tsari, Japan ba ta tsira daga kutse ba, kuma inda aka shige ta ya cancanci a tsaya a kansa. A Afrilun 2011 aka fasa dandalin PlayStation na Sony, bayanan mutum miliyan 77 suka shiga haɗari, dandalin ya yi kwana 23 a rufe. Shugabannin kamfanin, ciki har da Kazuo Hirai, suka fito gaban 'yan jarida suka sunkuya suna neman afuwa. Ranar 1 ga Maris 2022 Toyota ya dakatar da dukkan masana'antunsa 14 na cikin Japan, ya yi asarar ƙera motoci kimanin 13,000 a yini guda. Ba Toyota aka fasa ba, wani kamfani ne mai suna Kojima Industries da ke kawo masa kayan roba. A 2023 bayanai sama da 400,000 suka fita daga kamfanin LINE Yahoo, kuma tushen abin kwamfutar ma'aikacin wani ɗan kwangila ce da ƙwayar cuta ta kama. A Yunin 2022 wani ma'aikacin ɗan kwangila a birnin Amagasaki ya kwafi bayanan mazauna garin su 460,000 a filashi, ya biya ta wurin shaye-shaye, ya farka babu jaka. An gano jakar daga baya, kuma bayanan na kulle da kalmar sirri.

A uku na ƙarshen nan, ta hannun ƙaramin da aka amince wa ɓarna ta shigo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta cika zama a babbar ƙofa ba. Google da Meta na kashe maƙudan kuɗi wajen tsaro, amma duk wannan ba zai amfani matar da kalmar sirrinta ke rubuce a littafin yaron shago ba. A Injamena, mai gyaran waya shi ne wannan ƙaramin hannu. Idan ya gyaru, dubban mutane sun tsira. Idan ya ɓaci, ba injiniyan da zai cece su daga Amurka.

Doka da abin da ya rage

Chadi na da dokoki a kan wannan. Ranar 10 ga Fabrairun 2015 aka sanya hannu kan dokar kare bayanan mutane, da dokar yaƙi da laifukan intanet, da wadda ta kafa hukumar ANSICE mai kula da tsaron na'urori. Kwafar hoton wani ko shiga asusunsa ba da izini ba laifi ne a gaban hukuma, kafin nan kuma cin amana ne a gaban Allah. Abin da zai ƙara wa dokokin ƙarfi shi ne a kai su kasuwa. Horo na 'yan kwanaki da Larabci da Hausa da Faransanci, tare da shaidar da mai gyara zai rataya a rumfarsa, zai isa ga talakawan da ba sa halartar taron otal. Masu sana'ar su ma su haɗa kai a kowace kasuwa, su yi wa kansu ƙa'ida, su hukunta wanda ya saɓa tun kafin ya ɓata wa sauran suna.

Ga masu gyara: kada ku nemi lambar buɗe waya sai aikin ya tilasta, kuma a gwada a gaban mai ita. Idan kun buɗe wa mutum asusu, ku miƙa masa waya ya sanya kalmarsa, ko ya kira ɗansa ya sanya masa. Ku goge abin da kuka kwafa a kwamfuta da zarar an gama. Ku riƙe littafi na sunan mai kawowa da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. Idan abu ya lalace a hannunku, ku faɗa a ranar, domin ɓoyewa ce ta jawo wa Yahoo tara.

Ga mai karatu kuma: kafin ka miƙa wayarka, zare layi da memori. Idan wayarka na da tsarin kulle bayanai lokacin gyara, kamar wanda Samsung ya fito da shi a 2022, ka kunna shi. Ka sanya makulli na biyu a WhatsApp yau ɗin nan, ka daina amfani da kalma ɗaya a ko'ina, kuma lambar da aka turo maka ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce shi ɗan'uwanka ne. In ka dace da mai gyara mai amana, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, ka kuma nuna wa 'yan'uwa teburinsa.